Murhuna Ya Yi Sanyi

Kwana tara ke nan murhuna bai ga ashana ba.
Tukunya ta kife a lungu tana fushi da ni.

Likita a Barnawa ya dubi takarda, ya dube ni,
ya ce, "Malam Ɗanjuma, cikinka ya gaji da maiƙo."
Sai na gangara bakin kogi wajen Tanimu mai lambu,
na cika jaka da latas da karas da gurji,
laka tana manne a saiwarsu.

A bayan tsohuwar kalanda na tsara mako:
safe, gwanda da jiƙaƙƙiyar aya;
rana, kabeji da tumatir, a barbaɗa riɗi;
dare kuwa, nan alƙalami ya cije.

Barmani ta leƙo ta ce,
"Ko akuya ai akan ba ta dusa."
Na ce zan ƙara gyaɗa don gwiwa ta yi ƙarfi.

Na wanke ganye sau uku da ruwan gishiri.
Ina tauna ina jin ƙarar haƙorana,
ga ƙamshin miyar maƙwabta
yana tsallako katanga ba sallama.

Daren Laraba na rubuta dafaffen wake
da ƙananan baƙi.
Kalanda ba ta tonon asiri.