Dala Ɗaya Ta Ɓace

A Garwa, can wajen Rumde Ajiya,
inda dalbejiya ke zubar da 'ya'ya kan jar ƙasa,
kakata Tabawa ta shekara tara tana sayar da gyaɗa
a bakin wayar filin tanis,
ba ta taɓa leƙawa ciki ba.

Ran da zan kara da 'yar Marwa ta shigo,
faranti a ka,
ta zauna gindin doguwar kujerar Malam Tizi.

Na buga, ƙwallo ya wuce. Tizi ya ce, "Kanz."
Ta ce, "Me ya ce?"
Wani yaro ya ce, "Sha biyar, Iya."
"Bugu ɗaya? Dala uku kenan. Sana'ar da riba."

"Tarant." Ta lanƙwasa yatsu: dala shida.
"Karant."
Nan ta sauke faranti.
"Uku, shida, sai tara.
Wa ya ce takwas?
Malam, sauko, dala ɗaya ta ɓace,
kuma a hannunka na gan ta ƙarshe."

Aka yi dariya har mai tsintar ƙwallo ya zauna.
Tizi ya ce haka ya tarar da lissafin,
haka wanda ya koya masa ya tarar.
Ta ce, "To ɓarawon tsoho ne."

Bugun farko na ci raga, aka ba ni na biyu.
Wannan ta yarda da shi:
ko ƙosai, na farkon kasko ba a sayarwa.
Ƙwallon Jebba ya lashi farin layi,
na ce waje, aka ce ciki.
Ta ce, "Yi shiru, Asta. Kan iyaka ma gona ce."

Sai muka yi kunnen doki, arba'in arba'in.
Na ci ɗaya, aka ce ina gaba.
Jebba ta rama, aka mai da mu inda muke.
Sau bakwai.
Rana ta karkata wajen Binuwai,
gumi ya cika min ido,
hannuna ya zama na aro.
Sai an ci biyu a jere, in ji doka,
ɗaya alkawari ne kawai.

Na ji muryarta ta ratso waya:
"Wannan na san shi!
Bashin Bobbo mai kifi ne,
ya biya yau, gobe ya ɗauka."

Jebba ce ta ci. Shida da huɗu, shida da uku.
Muka yi musafaha ta saman raga,
tafinta da kanta irin nawa.

A hanya ban ce komai ba, ita ma haka,
sai ƙarar gwangwanin awo cikin faranti.
Dab da gida ta ɗebo gyaɗa ta cika min hannu,
ta ce, "Faɗuwar ba ta dame ni ba.
Amma gobe ki tambayar min mutumin nan
dalar."