Takarda ta Ɗari Biyu da Sha Bakwai

An ɗauke wuta tun kafin la'asar.
Fitilar caji tana ta lumshe ido,
ni da jan biro da tulin takardu
a ofishinmu na Yalwa, inda fanka ta zama ado.

Su ɗari huɗu suka zauna ranar Talata,
an karɓe waya, an hana kalkuleta.
Aikina in raba su gida biyu:
masu wucewa kai tsaye lissafin injiniya,
da masu share fage zango guda.
Arba'in da biyar ne iyaka.
Ba ni na ja layin ba, gadinsa aka ba ni.

Sai ga wata, rubutu kamar sawun kiyashi.
Tambaya ta bakwai, tanki da famfo biyu:
ɗaya ya cika shi a awa shida,
ɗaya a awa uku. In an buɗe su tare fa?
Yaron bai kira harafi ko ɗaya ba.
A gefen takarda ya rubuta:
a ce tankin mudu shida ne,
wannan na zuba ɗaya, wancan biyu,
uku ke nan duk awa. Awa biyu.

Na ajiye biro. Na sake karantawa.
Amsa daidai, tsaf, ba ƙura.
Amma jagoran maki yana son matakai,
shi ko ya bi ta gona ya riga mai hanya isa.
Na tara, na sake tarawa daga ƙasa.
Arba'in da uku.

Maki biyu. Ko kuɗin ƙosai ba su kai ba.
Jan biron ya yi ta shawagi a kan lambar,
ba wanda ke ofis sai ni da sauro.
Sai na juya baya, inda kusurwoyi suke,
na ga shafi fari fat, ko gwaji babu.
Can ba mudun da zai cece shi.

Ranar cike fom ya zo, riga a goge,
Isiyaku Bappayo, daga wajen Darazo.
Babansa awon riɗi yake a kasuwa,
shi ke riƙe littafin bashi tun yana aji huɗu.
Na ce, me kake son karanta?
Ya ce, ginin hanya, Malama.
Akwai kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk Agusta,
sau uku ana gyarawa, sau uku yana tafiya,
ina so in san laifin waye,
na siminti ko na mai lissafi.

Na juya masa takardar. Ya ga lambar.
Bai roƙe ni ba, da ma ya roƙa
da na sami abin yin faɗa a kai.
Ya ce, zango guda wata nawa ne?
Na ce huɗu.
Na ga leɓɓansa na motsi,
yana buga kuɗin haya da na garin kwaki,
ya gama kafin in rufe fayil.

Na sa hannu a layin share fage.
Na ce, ranar Alhamis ƙarfe biyu ka zo,
in nuna maka yadda mudunka ke zama harafi,
kai kuma ka faɗa wa 'yan aji yadda ka yi.
Ya ce to, irin to ɗin da ba ta yafe ba.
Ya naɗe fom ya sa a aljihu.

Da yamma na tsaya a Muda Lawal sayen shinkafa.
Mai awo ya faɗi kuɗin mudu biyar da rabi
tun ina laluben waya a jaka.
Na buga, na duba.
Bai ci ni ko naira ba.