Ƙirga Daga Goma

Shekara tara ina ƙirga kwantena a Apapa.
Na san wadda ta yi tsatsa, na san wadda ke yoyo,
na san direban da ke ƙarya kan nauyi.
Amma da an ce, "Tasi'u, tashi ka yi bayani,"
sai harshena ya zama tsumma a baki.
Yaran da na koya wa cike takardar fito,
yau su ke sa hannu in ina neman hutu.

Obinna ne ya miƙo min katin a ɓoye, kamar bashi.
"Je ka Yaba, bene na uku, saman mai gyaran waya."
Na ce ni ba na zuwa wurin boka.
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Na je ran Asabar, ana ruwa,
danfo ta sauke ni a bakin kwata.
Ba turare, ba ƙwarya, ba baƙar kaza,
sai doguwar kujera da fanka mai ƙugi,
da Dakta Morenike, tabarau a goshi.
Ta ce, "Ba hankalinka zan sace ba.
Makulli na hannunka, ni 'yar rakiya ce."
Na yi bisimilla a zuci, na tuɓe takalmi.

"Goma. Tara. Saki kafaɗa."
Janaretan maƙwabta ya ja da baya.
"Takwas." Ihun kwandastoci ya narke
kamar man shanu a kan tuwo.
"Bakwai."
Ba barci ba ne, don ina jin ta.
Ba farke ba ne, don ga ni a aji huɗu
a Gumel, ƙafa duk faso, alli a hannu,
Malam Ila na kwaikwayon in'inata,
yara hamsin na dukan benci da dariya.

Ashe shekara talatin ina yawo da ajin nan,
kullum ina biya masa kuɗin mota.

Ta ce, "Me kake so?"
Na ce, "Ci gaba."
Ta ce, "Ci gaba ba adireshi ba ne.
Ko kwandasta sai ka faɗa masa tasha."
Na daɗe shiru, fanka na juyi.
Na ce, "Jarrabawar watan Yuni.
Minti biyar ina magana ban dubi ƙasa ba.
Da kujerar nan ta kusa da taga."
"Wane launi?"
"Shuɗiya. Hannunta ɗaya ya ɓalle."
"Zauna."
Na zauna. Ga teku, ga jiragen ruwa
sun yi layi suna jiran a kira su, kamar ni.

Zama shida ya lashe adashin babur.
Zulai ta ce, "Dubu nawa don a ƙirga maka goma?
Ai da ka ba ni, ni har ɗari na iya."
Amma ita ke karɓar haddata da dare
a ɗakinmu na Agege, littafi a cinya, fitilar waya a baki,
jirgin ƙasa na wucewa, kwanuka na rawa.

Wata Litinin manaja ya ce,
wa zai faɗi inda asarar bara ta ɓuya?
Hannuna ya tashi kafin in ba shi izini.
Na yi in'ina sau biyu, na haɗiye, na ci gaba.
Ba wanda ya doki benci.
Wata ma rubutawa take yi.

Kujerar? Har yau wani ne a kai.
Sakamako bai fito ba, rabo kuwa na Allah ne.
Sai dai in mota ta cije a kan gada,
gumi na bin wuya, mai gala na buga gilashi,
nakan rufe ido in sauko daga goma.
A ɗaya nake samun yaron, da allinsa.
In durƙusa in ce masa,
"Ƙarasa maganarka. Ba sauri nake ba."