Safar Hagu

A ƙasan adudun kakata Fanna
akwai safar hannu, ta hagu, ita kaɗai.
Da fara ce, yanzu ta koma launin fura.
Yatsunta ƙanana, nawa ko biyu ba sa shiga.

Ta Baturiyar nan ce, in ji kaka,
wadda ayari ya sauke a Zango da la'asar,
fuska ja wur kamar gauta.
'Yar wani hakimi ce a ƙasar Ingila,
ta taso tana riƙe wa sarauniyarsu gefen riga,
ta san inda ake durƙuso da inda ake shiru.
Shi ya sa fadar Birni ba ta ba ta wuya ba:
kwana uku, ta iya tuɓe takalmi tun daga zaure.

Sunanta Bitiris. Harshenmu ya ƙi shi,
matan cikin gida suka sa mata Tsigi.

Kaka ce mai yi mata wanki.
Ruwan Damagaram kuwa, ka san halinsa,
ba ya zuwa sai an roƙe shi.
Tulu guda ake ba ta, ita ko ta raba biyu,
rabi ga wani ɗan tsiro
da ta ɗauko daga gida cikin gwangwani,
wai a can furensa ja ne.
A nan bai taɓa buɗe baki ba.

Da yamma takan hau dutse bayan ganuwa
ta dubi arewa har ido ya gaji.
Ta koyi "sannu", ta koyi "madalla",
amma "sai gobe" ta fi faɗa daidai.

Damina biyu ta gani.
A ta biyun masassara ta kwantar da ita,
kwana tara
tana kiran wani suna da babu mai shi a garin.
Magaram ta aiko da zuma, ba ta lasa ba.
Shekara ashirin da uku, in an yarda da lissafin tafinta.

An rufe ta can gefen duwatsu.
Aka daɗe ana gardama kan kabarin,
don ba wanda ya san inda nasu ke fuskanta.
Kayanta suka bi ayarin Gat,
safar dama na cikinsu.
Ta hagu tana kan igiya, ba ta bushe ba.

Kaka ta ajiye ta shekara sittin,
wai ko wani zai zo cigiya.
Ni ma ban yar ba.
Amanar wanki ce.