Autan Mista Garnham

A Morecambe, ɗaki na goma sha ɗaya,
inda taga ke kallon laka in teku ta janye,
nan Wilfrid Garnham ke kwana,
ni kuma ina aikin dare.

Ni ke ɓalle masa maɓallin riga,
ni ke jiƙa haƙoransa a kofi.
Sai da na yi wata biyar ina juya shi a gado
kafin mai shara ta raɗa mini
cewa wannan ƙashi da fatar
ya taɓa cika allon majigi shi kaɗai.
Ya yi sarki sau uku, ya yi alƙali,
ya yi maci amanar da aka yafe wa tun kafin ya roƙa.
In ya ɗaga gira, mai tari a layin baya sai ya haɗiye.

Shekara arba'in da huɗu yana haifar finafinai,
duk 'ya'ya masu kama da ubansu.
Sai auta ya zo.

Auta kam, haihuwar guzuma.
An ɗauke shi a wani sito mai yoyo,
aka ba dattijo rigar ruwa da butar shayi,
aka ce shi ne mai gadin fitilar jiragen ruwa.
Minti shida. Kalma tara.
Sai wata ƙatuwar ƙaguwa ta roba
ta fasa ƙofa ta haɗiye shi,
igiyar da ake janta da ita a fili, ko kunya babu.
Muryar ma ba tasa ba ce.
Sun ce tasa tana rawa,
suka ɗora masa ta wani yaro mai tallan inshora.

Jaridu suka yi ta wasa wuƙa.
Har yau jikokin baƙi in sun zo ziyara
sukan tura wa juna guntun a waya,
su toshe baki a bakin ƙofarsa.

Amma ƙarfe uku na dare, in barci ya yi masa rowa,
ba ya neman kambin sarauta.
Yakan ce, Hurera, sa mini ƙaguwar.

Na ce, Baba, cikin arba'in da wani abu?
Ya ce, kuɗinsa ya biya wa Enid ɗaki mai ɗumi
hunturu biyu cur.
Wanne cikin sarakunan nan ya yi mata haka?

Sai ya ɗaga yatsa. Tsaya nan. Koma baya kaɗan.

Na tsayar.
Dattijo ne riƙe da buta, kofi biyu a gabansa,
ya juya zai kira wani, bai kira ba.
Daƙiƙa uku, ko huɗu.
Ya ce, da safen nan na je wurinta,
ta dube ni ta ce, malam, wa kake nema?
Duk rayuwata ina aron fuska ana tafa mini.
Sau ɗaya na fito da tawa,
sai kowa yana kallon igiya.

Ya cika ranar Talata, ana yayyafi.
Jaridu suka buga hotonsa da kambi,
a can ƙasa suka ƙara layi guda:
abin takaici, da ƙaguwa ya rufe.

Ɗan ƙanensa ya zo da mota ya kwashi lambobin yabo,
ya bar faifan a kwandon shara.
Yana jakata yanzu, tsakanin abin sallah da katin bas.

A garinmu mun ce ƙarshen tika-tika, tik.
Ban musa ba.
Ni dai na san in na tsayar da hoton nan
ƙofa ba ta fashe ba tukuna,
shayi bai huce ba,
kofi na biyu yana jiran mai shi.