Sunan Jikata

Shekara talatin ina tuƙa bas a Hull,
ina kiran sunan kowace tasha,
ba wanda ya taɓa gyara mini baki.
Yau ga ni a Zamora, a kicin ɗin surukata,
da furfura, da tabarau, da littafin 'yan aji ɗaya,
malamata kuwa tana famfarar haƙori.

Ta ce, "Kaka, wasula biyar ne,
kowanne da muryarsa guda.
Ba sa sauya riga kamar naku."
Na ji kunya a madadin Turanci.

J ta fara kayar da ni.
Ashe ba daga baki take fitowa ba,
can cikin maƙogwaro take,
kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya.
Na je sayen lemo wurin Eusebio,
na ce naranja yadda idona ya karanta,
ya yi dariya har ya dafa sikeli,
sannan ya ƙara mini biyu kyauta.

B da V tagwaye ne, murya ɗaya suke rabawa.
N kuma wani lokaci takan ɗora gammo a ka,
sai ta koma wata daban.
Z kaɗai ta tausaya mini:
harshe tsakanin haƙora,
wannan da shi na zo daga gida.

R biyu a jere fa?
Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
nawa harshen ya bushe tun kafin a haifi ubanta.
Ta ce ya yi rawa, ya kwanta kamar tsumma.
Pero, amma. Perro, kare.
Na je na gaya wa maƙwabciya
ammanta ya hana ni barci da haushi.

Ranar Laraba muka iso H.
Ta ɗora yatsa a leɓe.
"Wannan ba ta magana. Ana rubuta ta, a wuce."
Na ce to, mai sauƙi ke nan.
Sai ta ja littafin, ta rubuta a gefe:
Henar.

Shekara bakwai ina kiranta ta waya,
duk Lahadi, ina hura iska a gaban sunanta.
Ta ce, "Na ɗauka gajiya ce.
Na ɗauka kullum ka hau bene kafin ka kira ni."

Da dare na fita kan gadar dutse,
Duero na wucewa a ƙasa, ba ruwansa.
Na yi ta faɗa, ina sauke nauyin farko,
kamar mai koyon ajiye jaka a bakin ƙofa.

Washegari a ƙofar makaranta,
yara sun ɓarke kamar tsaki.
Na bar harafin ya yi shirunsa,
na kira sauran.

Ta waiwayo.
Ba ta ce na iya ba.
Ta miƙo mini jakarta kawai,
ta ce gobe za mu koma kan kare.