Inda Ba Ƙasa

A Kure, bayan ma'aikatar ƙera jirage,
akwai shagon taliyar Haruno: kujera shida, taga guda.
Nan nake wankin kwanuka tun bazara,
nan tsofaffi biyu ke zuwa, ko ana tsuga ruwa.

Genzo, da walda ta cinye wa ido ɗaya,
da Tokuji, da ya shekara talatin yana tuƙin jirgin fito,
bai taɓa jin igwa ba sai a rediyo.
Da romo ya huce, sai su ɗauko tsohuwar kokawa.

"A ce," in ji Genzo. Kullum da a ce yake farawa.
"A ce dare ne, ba wata, hadari ya haɗe da teku,
na'urar hange ta mutu a nan, ta mutu a can.
Gari ya waye, ga Mai Igwa, ga Mai Goyo,
mil huɗu tsakani, har ana ganin masu shanya a sama,
ba wanda ya shirya wa wannan gamuwa."

Ya kafa kwalbar barkono: wannan Mai Igwa ne.
Ya jawo tire, ya jera masa ashana goma sha biyu:
ga Mai Goyo da 'ya'yanta a baya,
fikafikai a naɗe, suna barcin asuba kamar 'yan shirwa.

"Bakuna tara," ya ce, yana ƙwanƙwasa tebur,
"kowane na tofar da ƙarfe mai nauyin ƙaramar mota.
Fatarsa? Kamu guda da ɗoriya. Na san irinta,
hannuna ya sha ɗinke ta da wuta.
Ita kuwa fili ce kawai aka ɗora wa ruwa."

Tokuji ya ce, "Ta fi shi gudu."
"Harsashi ya fi ta."
"Ta saki 'ya'yanta."
"Sai ta juya ta fuskanci iska tukuna,
kafin na farko ya ɗaga, an huda masa hanya.
Shaho a ƙasa, Tokuji, ai kaza ma na iya tsare masa ido.
Kuma cikinta mai ne, dam,
tartsatsi ɗaya ya ishe ta ƙonewa."

"Wa ya ce za ta bari a matso ta?
Daga mil ɗari uku take aiko da gaisuwa,
naka ya nutse bai ga fuskar wadda ta kashe shi ba."
"Na ce a ce!"
"To ni ban ce ba."
Inda ba ƙasa, dama, nan ake gardamar kokawa.

Genzo ya kai wa tiren duka da gindin kwalba.
Ashana suka watse, wasu cikin romo,
wasu ƙarƙashin kujera, ɗaya a kan takalmin Haruno.
Ya yi dariya har idon nan mai rai ya kawo ruwa.

Ita ba ta yi ba.
Ta sunkuya, da ƙugun shekara casa'in,
ta tsinci tsinken, ta riƙe shi ta kai.
"Wannan wane ne?" ta ce. Ba wanda ya iya amsawa.

"Yayana Shinkichi bai tuƙa jirgi ba, bai harba komai ba.
Shinkafa yake dafawa a hawa na huɗu daga sama,
inda ba taga. Shekararsa sha bakwai.
Akwatin da aka kawo wa uwarmu,
ni na girgiza shi da dare, ina yarinya:
takarda ce ɗaya a ciki take motsawa."

Can waje injin ɗaga kaya ya yi kuka, ya yi shiru.
Tokuji ya tsura wa kwanonsa ido.
Genzo ya laluba aljihu, ya biya kuɗin mutum biyu,
abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun zuwa.

Da suka fita na durƙusa da tsintsiya.
Na samu tara. Biyu sun jiƙe a romo, na zubar.
Na goma sha biyun yana aljihun Haruno,
ban tambaya ba, ba ta ba ni ba.
Na mayar da taran cikin kwali a hankali,
kawuna gefe guda, kamar masu barci.
Gobe Alhamis, na san tsofaffin za su dawo.
Na goge tiren, na jingine shi inda ba a gani,
can bayan tukunyar ruwa.